Kifin Ƙasan Ruwa Ma Yana da Rabonsa: Ciyar da Tarwada da Kurungu a Cikin Sauran Kifaye

Gabatarwa

Ya kai manomi, da kai malamin gona, akwai wata magana da ta yaɗu a tsakanin masu kiwon kifi a Babban Birnin Tarayya, tun daga Gwagwalada da Kuje har zuwa Bwari da Kwali da Abaji. Maganar ita ce wai kifin da ke zaune a ƙasan ruwa ba ya bukatar a ciyar da shi, domin abin da na sama suka rage ya ishe shi. Mai kandami yana faɗin haka game da tarwadar da ya zuba cikin karfasa. Mai akwatin gilashi na kifin ado, a ofis ko a otal ko a falon gida, yana faɗin haka game da kurungu da danginsa, har yana kiransa mai share ƙasa. Ra'ayina shi ne wannan magana kuskure ce, kuma kuskuren yana cin kuɗin manomi ta hanya biyu: ko dai kifin ƙasa ya rame ya ƙi girma, ko kuwa a yi ta zuba abinci fiye da kima don wani ya kai ƙasa, ruwa ya lalace, na sama da na ƙasa duk su mutu. Duk kifin da ka zuba a ruwanka da gangan, wajibi ne ka ƙidaya shi a lissafin abinci, ka ba shi irin wanda ya dace da shi, a inda yake ci, a kuma lokacin da yake ci.

Su wane ne kifayen ƙasan ruwa?

A ruwayen ƙasarmu akwai kifaye masu gashin baki marasa ɓawo da yawa. Mafi shahara a wajen kiwo ita ce tarwada, sai ɗan'uwanta ramboshi, sai kuma barbarar da ake yi tsakanin su biyun a wuraren ƙyanƙyasa. Nijeriya ce ke kan gaba a Afirka wajen kiwon tarwada, kuma duk wanda ya shiga kasuwar kifi ta Kado a Abuja, ko ya zauna a wuraren da ake nuna kifi a yanka a gasa nan take, ya ga yadda wannan kifi ya mamaye ciniki.

Akwai kuma kurungu, mai ƙayoyi uku masu kaifi, ɗaya a baya biyu a gefe, wanda ke yin ƙara idan an kama shi. Ana samun ire-irensa da dama a Kogin Kwara da Binuwai da Tafkin Kainji da Tafkin Chadi. Mu a nan mun fi saninsa a tukunyar miya, amma a Turai da Amurka wasu ire-irensa kifin ado ne da ake saye da kuɗi, kuma 'yan kasuwa na fitar da kifin ado na ruwayen Nijeriya ta Legas. A akwatunan gilashi na Abuja za ka tarar da shi tare da wasu ƙananan kifaye masu gashin baki waɗanda asalinsu daga kogunan Kudancin Amurka ne.

Halittar waɗannan kifaye ita ce ke nuna yadda ya kamata a ciyar da su. Tarwada tana da gashin baki takwas, da su take lalube da ɗanɗanar abinci, domin idonta ƙanana ne. Bakin kurungu yana fuskantar ƙasa, don tsintar tsutsotsin ƙwari da ƙananan katantanwa da gansakuka a kan laka da duwatsu. Dukansu sun fi kuzari idan rana ta faɗi. Ita kuwa karfasa da ido take kiwo, da rana take ci, a sama da tsakiyar ruwa, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Wanda ya haɗa waɗannan a ruwa ɗaya ya haɗa masu ci biyu da ba su da lokaci ɗaya, ba su da akushi ɗaya.

Dalilin da ya sa ragowa ba ta isa

Na farko, bukatar jikinsu ta bambanta. Tarwada mai girma tana bukatar abinci mai sinadarin gina jiki kamar kashi 35 zuwa 45 cikin ɗari, ƙananan 'ya'yanta ma fiye da haka. Karfasa kuwa kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari kan wadatar da ita, musamman a kandamin ƙasa da ke da koren ruwa. Idan dusar masara da dusar shinkafa kaɗai ake watsa wa karfasa, ko da rabinta ya nutse, tarwada za ta cika ciki ne kawai, ba za ta yi nama ba.

Na biyu, abincin da ya kai ƙasa bayan an yi wasoso a kansa ya riga ya jiƙe ya marmashe. Wani ɓangare na amfaninsa, musamman sinadaran bitamin masu narkewa, ya bi ruwa. Abin da ya rage ya cakuɗe da laka da kashin kifi. Kifi ba ya rayuwa a kan kashin kifi, ko da an ga yana tonon laka.

Na uku, tarwada mai yunwa ba ta haƙuri. Idan ba ta samu abinci ba, za ta juya kan na kusa da ita. Da farko za ta cinye 'ya'yan karfasa, wanda dama shi ake so. Idan suka ƙare, sai ta far wa ƙananan 'yan'uwanta, ta ciji karfasar da aka yi niyyar sayarwa. Manomi ya zuba dubu, ranar kamu ya tarar da ƴan ɗaruruwa, a cikinsu akwai wasu ƙatta ƙalilan da suka ƙoshi da naman sauran. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan ɓarayi ko tsuntsaye ko mai sayar da iri, alhali yunwa ce ta yi aikin.

A akwatin gilashi kuwa abin ya fi fitowa fili. Abincin kifin ado da aka fi sayarwa marmashi ne mai yawo a sama. Kafin ƙwaya ɗaya ta sauka, masu saurin iyo sun gama da shi. Kurungu yana ɓoye a bayan dutse saboda hasken fitila. Bayan wasu makonni sai a ga cikinsa ya lotsa, kansa ya fi jikinsa girma, wata rana a wayi gari ya mutu, mai shi ya ce ai kifin ba shi da ƙwari.

Kuskure na biyu: ƙara zuba abinci

Wasu da suka gane cewa na ƙasa ba ya samu, sai su ninka abin da suke watsawa. Wannan ya fi na farko haɗari. Abincin da ba a ci ba yana ruɓewa, ruɓewar tana shanye iskar shaƙa da ke cikin ruwa, tana kuma fitar da gubar amoniya. Iskar ruwan kandami dama takan yi ƙasa ƙwarai da asuba, domin tsirran ruwa ba sa samar da ita sai da hasken rana. Tarwada tana da wata gaɓa ta musamman a cikin kanta da ke ba ta damar shaƙar iska daga sama, saboda haka takan jure. Karfasa ba ta da wannan gaɓa. Shi ya sa idan ruwa ya ɓaci karfasa ce ke fara taruwa a sama da sassafe tana buɗe baki, kafin hantsi kuma a fara kwashe gawarwaki. Wannan ya fi faruwa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta a Abuja kafin saukar damina, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai.

A tuna kuma cewa abinci shi ne ke cin fiye da rabin kuɗin da ake kashewa a kiwon tarwada. Kowane mudu da ya ruɓe a ƙasan kandami kuɗi ne aka binne, sannan a sake kashe wani wajen sayen man injin canza ruwa.

Amsa ga masu ja da wannan ra'ayi

Akwai masu cewa a kogi wa ke ciyar da tarwada? Gaskiya ne babu. Amma a Kogin Gurara ko Usuma kifi ɗaya yana da fili mai faɗi na farauta, da ƙwari da kwaɗi da ƙananan kifaye da damina ke kawowa. A kandaminka kuwa ka tara ɗaruruwa a wurin da a daji ƙalilan ne za su zauna, kuma kana so su kai kilo ɗaya cikin wata shida. Wanda ya tsare dabba a turke shi ke da alhakin kawo mata harawa.

Akwai masu cewa ai tarwada tana tasowa sama ta ci abinci mai yawo, har ma ita ke korar karfasa. Wannan ma gaskiya ne, tarwadar da ta saba takan taso da ƙarfi, kuma abinci mai yawo yana da babbar fa'ida, wato manomi yana ganin abin da aka ci da abin da aka bari. Sai dai a lura, manya masu ƙarfi ne ke tasowa su mamaye wurin. Ƙanana da raunana suna ƙasa suna jira, karfasa kuma ta koma gefe. Ke nan ciyarwa a wuri ɗaya da abinci iri ɗaya takan bar wani da yunwa ko yaya aka yi, illa dai wanda aka bari ne ke sauyawa. Wannan hujja ce da ke ƙarfafa maganar raba wurin ci.

Akwai masu cewa sayen abinci iri biyu tsada ne. Ba lallai ba ne. Karfasa ba ta bukatar abinci mai tsada irin na tarwada. Idan aka yi wa kandami takin kaji daidai gwargwado har ruwan ya yi kore, karfasa za ta samu kaso mai yawa na abincinta daga ƙananan halittun ruwa, a ƙara mata da dusa da garin ƙuli-ƙuli. Abinci mai tsada sai a keɓe shi ga tarwada. Mai ba kowa abincin tarwada yana ɓarnar kuɗi, mai ba kowa dusa kuma yana ɓarnar lokaci, kuma araha ba ta ado.

Yadda za a ciyar a kandami

1. A fara zuba karfasa, a bar ta ta girma ta wuce abin da bakin tarwada zai iya haɗiyewa, sannan a zuba 'ya'yan tarwada masu girma ɗaya. Amfanin haɗin shi ne tarwada ta rage 'ya'yan da karfasa ke haifa barkatai, waɗanda idan aka bar su sukan cika kandami kowa ya tsumbure. 'Ya'yan karfasa ƙari ne ga tarwada, ba su ne abincinta na yau da kullum ba.

2. A yi wa kowane iri lissafinsa dabam. Misali, tarwada 1,000 masu nauyin giram 200 kowace, jimlarsu kilo 200 ne. Kashi 3 cikin ɗari na wannan nauyi shi ne kilo 6 a rana. Karfasa 500 masu giram 100 kowace, jimlarsu kilo 50, kashi 3 cikin ɗari shi ne kilo ɗaya da rabi. Ƙananan kifi suna bukatar kaso mafi yawa, kamar 5 cikin ɗari ko fiye, manya kuwa a sauko zuwa 2.

3. Duk mako biyu a kamo kifi kamar 20 zuwa 30 na kowane iri a auna, a gyara lissafin. Idan an ga wasu tarwada sun zarce sauran da nisa, a tsame su a kai wani wurin.

4. A ware wuraren ci. A gefe ɗaya a ɗaure zoben gora ko na bututun roba a saman ruwa, a riƙa zuba na karfasa a ciki don kada iska ta watsa shi. A ɗaya gefen a ciyar da tarwada a wurare biyu ko uku, don kada manya su tare wuri ɗaya. A fara da tarwada. Idan ta shagala, sai a zuba wa karfasa.

5. Idan ana amfani da abinci mai nutsewa, irin wanda ake haɗawa a gida da garin kifi da gasasshen waken soya da ƙuli-ƙuli da masara, a ɗaure shi da ɗan kokon rogo, a dunƙula a shanya ya bushe sosai don kada ya watse da wuri. A zuba shi a kan faranti mai faɗi ko tiren raga da aka ɗaura wa igiya, a saukar ƙasa. Bayan rabin sa'a a jawo a duba. Idan ya ƙare tas, a ɗan ƙara gobe. Idan da saura, a rage. Wannan faranti shi ne idon manomi a ƙasan ruwa.

6. A daidaita girman ƙwaya da bakin kifi. Ana sayar da ita daga ƙasa da milimita 2 ga ƙanana, zuwa 3 da 4 da 6, har 9 ga manya. Idan girman kifin ya bambanta, a cakuɗa girma biyu na ɗan lokaci.

7. A kiyaye lokaci. Kada a ciyar da asuba. A bari rana ta fito sosai, kamar ƙarfe takwas zuwa tara. Karfasa ta samu nata da safe da kuma bayan azahar. Tarwada ta samu kaso kaɗan da safe, kaso mafi yawa da yamma lis, gab da magariba. A guji cika kandami da abinci da tsakar dare, domin narkar da abinci ma yana cin iska, kuma karfasa ce za ta biya.

8. A bi yanayi. A watannin Disamba da Janairu, idan hunturu ya sauka ruwa ya yi sanyi, cin kifi yana raguwa. A rage abinci, a jinkirta na safe har ruwa ya ɗan yi ɗumi. Ranar da aka wayi gari da hadari mai duhu, ko aka ga kifi na haki a sama, a dakatar da ciyarwa, a ƙara sabon ruwa.

9. Haɗa tarwada da karfasa aikin kandamin ƙasa ne. A tankin siminti ko na tamfol, inda ake cunkusa tarwada da yawa ba tare da injin hura iska ba, karfasa ba za ta kai labari ba. A nan a bar tarwada ita kaɗai.

Yadda za a ciyar a akwatin gilashi

Ƙa'idar ɗaya ce, ma'aunin ne ƙarami. A ba na sama nasu marmashin da rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu zuwa uku. Bayan an kashe fitila da dare, a jefa wa kurungu ƙwaya mai nutsewa kusa da maɓoyarsa. A riƙa sauya masa da tana da aka wanke aka yayyanka, ko ɗan yankin kokwamba ga ire-iren da ke cin gansakuka. Da safe a tsame duk abin da ya rage. A sa masa maɓoya, ko da fasasshen tulu ne ko guntun bututu, domin kifin da ke cikin firgici ba ya ci. A shimfiɗa yashi mai laushi maimakon tsakuwa mai kaifi da ke cinye gashin baki. Duk mako a zuƙe dattin ƙasa da siririn tiyo, a canza kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Ruwan famfon Abuja, wanda ake tacewa daga madatsar ruwa ta Usuma, yana da sinadarin kulorin mai ƙona huhun kifi, saboda haka a tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ɗaya ko biyu kafin a zuba. Kada kuma a sa 'yar tarwada cikin ƙananan kifin ado don ta yi kyau a ido. Za ta girma da sauri, ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya.

Aikin malamin gona

Malam, idan ka ziyarci mai kiwon kifi, kada ka tsaya a tambayar buhu nawa ya saya. Tambaye shi iri nawa ne a ruwan, kilo nawa yake ba kowane iri, da kuma yadda ya san na ƙasa ya ci. Idan ya kasa amsa ta ukun, ka gano inda ribarsa ke zurarewa. Ka sa a kamo kifi goma a gabanka, ka duba cikinsu, ka duba ko akwai tabon cizo a wutsiya da gefen jiki, ka sunsuna lakar ƙasa. Laka baƙa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai shaida ce ta abincin da aka zuba ba a ci ba.

Ina kuma ba da shawarar kowane ofishin malaman gona, tun daga hedikwatar shirin bunƙasa aikin gona na Babban Birnin Tarayya da ke Gwagwalada har zuwa rassansa, ya ajiye ƙaramin akwatin gilashi da karfasa kaɗan da kurungu ko ƙananan tarwada. A kandami ruwa ya rufe komai, manomi sai dai ya yi zato. A gilashi kuwa cikin minti biyar zai ga wanda ya ci da wanda aka bari, ya ga yadda ragowa ke taruwa a ƙasa. Gani ya kori ji, kuma wannan darasi ya fi dogon jawabi shiga kai. Mai neman ƙarin horo yana iya tuntuɓar Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja, wadda ta samo asali daga aikin binciken Tafkin Kainji da aka fara a shekarar 1968.

Kammalawa

Ya kai manomi, kiwon kifi iri biyu a ruwa ɗaya dabara ce mai kyau, domin sama da ƙasan kandami duk suna aiki, kuma kana da kaya iri biyu na kai wa kasuwa. Amma ribar tana ga wanda ya ɗauki kowane kifi a matsayin dabbar da yake kiwo. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kifin da bai ci ba kuwa ba zai yi nauyi a sikeli ba. Ka samu littafi ka rubuta adadin kowane iri da nauyinsa da abin da ka ba shi kullum. Ka ɗaura faranti da igiya tun wannan makon, ka raba wurin ci, ka auna kifinka bayan mako biyu, sannan ka kwatanta da abin da ka saba gani. Allah Ya sa albarka a kiwo, Ya ba da kasuwa mai kyau.